Mutum Bakwai da Ke Riƙe da Makarantar 'Ya'yana

Na koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a arewacin Najeriya kafin Allah ya kawo ni Amurka, kuma duk zaman da na yi a wannan aiki ban taɓa ganin fuskar mai yanke hukunci a kan makarantarmu ba. Takarda ce ke zuwa daga ma'aikata a babban birnin jiha. Ita ke kawo sabon shugaban makaranta, ita ke ɗauke malamin da yara suka saba da shi ana tsakiyar zango, ita muke jira idan iska ta yaye kwanon aji. Iyaye suna da ƙungiyarsu, suna tara kuɗin alli da na gyaran benci, amma ba su da ta cewa a kan wanda za a ɗauka aiki ko abin da za a kashe. Da wannan fahimtar na sauka a Shikago: makaranta ta gwamnati ce, gwamnati kuwa tana can nesa.

Mun fara zama a Rogers Park, can arewacin birnin, unguwar da 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, ba nisa da titin Devon inda muke sayen naman halal. Da dare ina tuƙin tasi, da rana ina karatun aikin ɗakin gwajin jini, har Allah ya sa na samu aiki a wani asibiti. Uwargida ce ta fara ɗauko maganar ƙaura. Wani dare bayan isha ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ta kusa sakandare. Matan da muke haɗuwa da su a masallaci, duk mai hali Skokie take komawa, kuma bakinsu ɗaya, makaranta ce ke kai su." Ta ce in je in tambaya, na kuwa tambaya.

A ƙasar nan adireshinka shi ne makarantar ɗanka. An shata iyakoki a taswira, kowane gida yana cikin wata gundumar makarantu, kuma galibi yaro ba ya tsallake iyakar sai iyayensa sun tattara komatsansu sun koma. Daga inda muke zuwa Skokie, wani gari da ke arewa da Shikago, tafiyar mintoci ce a mota, amma hukuma daban ce, asusu daban. Muka kama haya a wani bene. Ranar rajista aka nemi takardar haya, da takardar kuɗin wuta mai sunana, da shaidar rigakafin yaran. An tsananta ƙwarai a kan inda muke kwana, amma ba wanda ya tambayi takardar zaman ƙasa, domin tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardun zama.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, makarantar da ƙannenta suka shiga da sakandaren da ita za ta shiga ba hukuma ɗaya ke riƙe da su ba. Jihar Illinois, inda Shikago take, tana da gundumomin makarantu wajen 850, iri uku: masu riƙe da firamare zuwa aji 8, masu riƙe da sakandare kaɗai daga aji 9 zuwa 12, da masu haɗa duka biyun. Tamu ta sakandare ita ce gunduma ta 219, ta yankin Niles Township. Manyan makarantunta biyu ne, Niles North da Niles West, da ɗalibai sama da 4,000 daga Skokie, Lincolnwood, Golf da sassan Morton Grove da Niles. Gundumomin firamare tara ne ke turo mata yara, masu lamba daga 67 zuwa 74, har da wata mai lamba 73 da rabi. Kowacce da hukumarta, da babban jami'inta, da harajinta. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san nauyin wannan: yara daga wurare tara, kowane rukuni da inda aka tsaya masa a lissafi, su haɗu a gaban malami ɗaya a aji 9.

Daren da aka gayyaci iyaye su zaga makarantar, na shiga ɗakin gwajin kimiyya na tsaya. Kowane tebur da famfon ruwa da murhun gas. Na tuna abokin aikina a gida, malamin kimiyya mai hazaƙa, yana zana kwalaben gwaji a allo don yara su san kamanninsu kafin jarrabawa. Ido ya cika min da hawaye. A kewayena ga iyaye Assuriyawa 'yan Iraƙi, ga 'yan Pakistan, 'yan Filifin, Yahudawa, 'yan Koriya, da yawansu masu aikin ƙarfi kamar ni a lokacin, ba wanda aka ce ya biya kuɗin makaranta irin na masu zaman kansu. Muna hanyar gida tambaya ɗaya ke yawo a kaina: wa ke biyan wannan?

Amsar ta zo bayan mun sayi ɗan gidanmu ta hanyar murabaha da wani banki. Takardar harajin gida daga ƙaramar hukumar Cook sau biyu take zuwa a shekara. Ta farko kashi 55 cikin 100 ce na abin da ka biya bara, ta biyu ita ke ɗauke da cikakken bayani. A jikinta an jera duk hukumomin da ke da rabo a kuɗinka, layi bayan layi: garin Skokie, laburare, masu kula da filayen wasa, masu tace ruwan ƙazanta, kwalejin Oakton, har da hukumar yaƙi da sauro. Amma layuka biyu, na firamare da na sakandare, su suka kwashe fiye da rabin kuɗin. Ashe ni ke biya, ni da maƙwabtana. Har lokacin da muke haya ma muna biya, ta cikin kuɗin hayar.

Jinin malamin lissafi ya motsa, na ɗauko biro na bi takardar tiryan-tiryan. Mai ƙiyasin haraji yana sake kimanta gidaje duk bayan shekara uku. Gidan zama ana ɗaukar kashi 10 cikin 100 na darajarsa, wurin kasuwanci kashi 25. Sai a ninka da wani adadi da jiha ke fitarwa kowace shekara, wanda a shekarun nan yake wajen 3, sannan a cire rangwamen da ake yi wa mai zaune a gidan kansa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ajiye biro na yi shiru shi ne yadda ake samo ƙimar harajin kanta. Ba a fara da cewa kowa zai biya kashi kaza. Hukumar makaranta ce ke cewa, a bana muna buƙatar dala kaza. Sai ofishin ƙaramar hukuma ya raba wannan adadi da jimlar darajar dukiyar da ke cikin iyakar gundumar. Lamba ta sama buƙatar makaranta ce, lamba ta ƙasa arzikin gari. In ta ƙasa ta yi girma, abin da ke kan kowane gida sai ya ragu. Mu muna da babbar kasuwar Old Orchard, wadda aka buɗe tun 1956, tana maƙwabtaka da Niles North, ga masana'antu da ofisoshi da shaguna a Niles da Lincolnwood, duk suna ɗaukar wani ɓangare na kayan. Tun a wannan daren na fara tunanin garin da ba shi da irin wannan kasuwa.

Tarihin gundumar kuwa a bakin maƙwabciyarmu na fara jinsa, wata dattijuwa Bayahudiya da 'ya'yana ke kira Kaka, ita ma tana amsawa. Iyayenta suna cikin waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi na 'yan Nazi suka zo suka zauna a Skokie bayan yaƙi, kamar dubban irinsu. Wata rana ina taya ta kwashe ƙanƙara a ƙofar gida ta tambaye ni wace makaranta babbar 'yata take. Na faɗa mata. Ta ce, "Ni tawa babu ita. Niles East na yi, aka rufe ta." Yadda ta faɗi maganar, ka rantse jiya abin ya faru.

Daga nan na shiga laburare ina bin diddigi. Tushen abin ya girmi jihar kanta. A 1785 majalisar Amurka ta yi dokar yanka filayen yamma murabba'i-murabba'i, mil 6 tsawo mil 6 faɗi, kowanne a raba shi kashi 36, a ware kashi na 16 domin makaranta. Da aka zo maganar sakandare a ƙarni na 19, ƙauye ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyinta, sai ƙauyukan da ke cikin yanki ɗaya suka riƙa haɗa ƙarfi su gina guda, kowane ƙauye kuma ya riƙe firamarensa. Garin Princeton na Illinois ne ya fara irin wannan sakandare ta yanki a jihar, a 1867. Asalin hukumomi biyun da suka rikita ni ke nan. Ba wanda ya zauna ya tsara su haka da gangan. Manoma ne suka yi abin da aljihunsu zai iya, jikokinsu suka gada.

Skokie kanta har zuwa 1940 sunanta Niles Center, ƙauyen manoma 'yan asalin Jamus da Luzambur masu noman furanni da kayan lambu a ɗakunan gilashi. A ƙarshen shekarun 1930 aka buɗe ginin sakandaren yankin, wanda daga baya ya zama Niles East. Sai yaƙi ya ƙare, aka buɗe babbar hanyar Edens a 1951, mutanen Shikago suka yi ta kwarara arewa. Garin da bai kai mutum 15,000 ba a ƙidayar 1950 ya doshi 60,000 a 1960. Yara suka cika ko'ina. Aka gina Niles West a ƙarshen shekarun 1950, aka buɗe Niles North a 1964. Cikin yaran wannan zamani akwai Robert Horvitz da Martin Chalfie, dukansu 'yan Niles East, na farko ya samu kyautar Nobel ta likitanci a 2002, na biyu ta kimiyyar sinadarai a 2008. Merrick Garland, wanda ya riƙe ma'aikatar shari'a ta Amurka daga 2021 zuwa 2025, a Niles West ya gama a 1970. Sannan haihuwa ta ragu, yaran suka girma suka watse, iyayen suka tsufa a gidajensu, azuzuwa suka fara zama wayam. Makarantu uku sun yi wa gundumar yawa. Hukumar ta zaɓi rufe mafi tsufa, aka rufe Niles East a 1980, kuma kwalejin Oakton ce a filin yanzu.

Kaka ta ce ba minista ba ne ya rufe ta, ba gwamna ba ne. Mutanen gari ne, irin waɗanda ake haɗuwa da su a kanti da wurin ibada, kuma bayan hukuncin haka suka ci gaba da zama cikin mutanen da suka ɓata wa rai. Har yau ba ta yarda an yi daidai ba, kodayake ta yarda kuɗin ba zai riƙe gini uku ba. 'Ya'yanta sun daɗe da barin gida, amma ba ta barin zaɓen hukumar ya wuce ta. Ita ce ta ce min, "Kai malami ne, kana biyan haraji, me ya hana ka zuwa taronsu? Ƙofa a buɗe take."

Na je. Ɗaki ne madaidaici, tebur a gaba, mutum bakwai a zaune kowa da sunansa a gabansa, a gefensu babban jami'in gudanarwa, sufuritanda. Waɗannan bakwai ɗin zaɓarsu ake yi, wa'adin shekara huɗu, ba a ƙarƙashin tutar jam'iyya ba, kuma ba a sauya su duka lokaci guda: wani zaɓen kujeru uku, wani huɗu, don kada a wayi gari babu wanda ya san inda aka kwana. Ba su da albashi, ba su da motar ofis. Da rana kowa yana wurin neman abincinsa, da dare ya zo ya zauna a kan kasafin miliyoyin daloli. Ba su ke gudanar da azuzuwa ba. Babban aikinsu ɗaukar sufuritanda, da auna aikinsa, da sallamarsa in ta kama. Su ke amincewa da kasafi, da adadin harajin da za a nema, da yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai, da kalandar shekara, da korar ɗalibi in laifi ya kai. Jiha tana sa ƙa'idojin kammala karatu da lasisin malamai, wani lokaci ma ta wajabta darasi, kamar yadda Illinois ta zama jiha ta farko da ta wajabta koyar da tarihin kisan ƙare dangin Yahudawa a 1990, da ƙoƙarin waɗanda suka tsira irin iyayen Kaka. Amma ragamar yau da gobe tana wannan tebur.

Abin da ya fi burge ni dokokin da suka ɗaure su ne. Dole a manna jerin abubuwan da za a tattauna sa'o'i 48 kafin zama. Suna iya keɓewa a kan batun ma'aikaci ko ladabtar da ɗalibi ko shari'a, amma hukuncin ƙarshe a bainar jama'a ake kaɗa masa ƙuri'a. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Yuli, daftarin kasafi sai an baje shi kwana 30 kowa ya gani, a saurari jama'a, a amince da shi kafin Satumba ta ƙare. Adadin haraji kuma a miƙa shi a Disamba. Duk mai son wata takarda ta hukumar yana iya nema a rubuce, doka ta ba su kwanakin aiki biyar su amsa. Ni da na shekara da shekaru ban san nawa aka ware wa makarantar da nake koyarwa ba, ga ni zaune da kasafin gunduma guda a cinyata, shafi-shafi, har da albashin babban jami'i.

Akwai lokacin da ake ba jama'a dama, kowa 'yan mintoci. Na ga wani dattijo ɗan fansho ya miƙe hannunsa na rawa, ya ce harajin gida na neman fitar da shi daga gidan da ya biya bashinsa tun da daɗewa. Na ga wata yarinya 'yar aji 11 ta yi magana a kan lokacin fara darasi da safe, ba ta ko in-ina. Mambobin suna saurare suna rubutu, ba sa amsawa nan take, haka al'adar take. Kuma maganar dattijon ba ta faɗi ƙasa banza a raina ba. Akwai dokar da ta taƙaita ƙarin da gunduma za ta iya nema kowace shekara, wadda ta fara a ƙananan hukumomin da ke kewaye da Cook a 1991 ta iso Cook a tsakiyar shekarun 1990: ko dai gwargwadon hauhawar farashi, ko kashi 5 cikin 100, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Mai son fiye da haka sai ya koma ga jama'a a yi ƙuri'ar raba gardama. Shekaru da yawa hauhawar ba ta kusanci 5 ba, sai a 2022 da tsadar rayuwa ta zarce ta, gundumomi suka samu damar neman cikakken kashi 5. Ga mai albashi wannan ciwo ne, ga mai fansho ya fi ciwo. Ina son ɗakin gwajin nan, ina kuma ganin wanda ke biyansa da kuɗin maganinsa.

Ni ma wata rana na rubuta sunana na miƙe. Na yi magana a kan malaman da ke koya wa sababbin zuwa Turanci. Na ce ni malami ne daga Najeriya, na san yaron da ke da lissafi a ka amma harshe ya tare masa hanya, kuma duk ranar da aka zo rage kashe kuɗi ina roƙon kada a fara ta kansu, domin iyayensu su ne waɗanda ba za su zo wannan ɗaki su kare kansu ba. Zuciyata na bugawa na koma na zauna. Da aka tashi wata daga cikin mambobin ta zo ta gaishe ni, ta tambayi abin da na koyar da ajin da yarana suke. Da na isa gida babbar 'yata tana jira, ta kalli zaman ta intanet. Ta ce, "Baba, ashe kai ma za ka iya yi musu magana?" Na ce mata ai makarantarku ce, mu muka ba su amana.

A lokacin ina iya magana amma ba na iya zaɓe. Mai katin zaman dindindin yana biyan haraji daidai da kowa, ɗansa yana aji, amma ƙuri'ar hukumar makaranta ta 'yan ƙasa ce kaɗai. A unguwa irin tamu, inda gidaje da yawa baƙi ne, wannan yana nufin iyaye masu yawa ba su da hannu a zaɓen masu riƙe da 'ya'yansu. Bayan na zama ɗan ƙasa, ƙuri'ar da na fi ɗokin kaɗawa ba ta shugaban ƙasa ba ce. Zaɓen yawancin hukumomin makaranta a Illinois a watan Afrilu ake yinsa, a shekarun da ba su rabuwa biyu, lokacin da babu hayaniyar manyan zaɓuka. Na shiga rumfar na tarar ma'aikatan zaɓe sun fi masu zaɓe yawa. Abin ya dame ni ƙwarai. 'Yan'uwanmu za su yi dogon layi a Nuwamba saboda wanda ke Washinton, amma waɗanda ke riƙe da fiye da rabin harajin gidansu da sa'o'i bakwai na ranar ɗansu, ba su ko san sunayensu ba. Tun daga nan duk Afrilun zaɓe, ni da uwargida mukan bi mutanenmu a waya, masu motsi da ƙyar kuma in ɗauko su a mota.

Akwai abin da ba ya barina in yi farin ciki cikakke. Ina da amini, tare muka yi tuƙin tasi, mutumin Damagaram. Lokacin da muka yi arewa shi kudu ya yi, wani gari a bayan Shikago inda gidaje suka fi araha. Ƙaramar hukumarmu ɗaya, jiharmu ɗaya. Wata Sallah da muka kai musu ziyara ya ɗauko takardar harajinsa na ɗauko tawa a waya. Gidansa bai kai rabin nawa daraja ba, amma ƙimar harajinsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Masana'antun ƙarfe da suka riƙe garuruwan kudu sun rufe tun shekaru, shaguna sun tashi, lamba ta ƙasa ta ƙanƙance, nauyin ya dawo kan gidajen talakawa. Suna matse kansu fiye da mu, abin da ke isa ga kowane yaro kuma bai kai namu ba. Ya kalle ni ya ce, "Malam, kai ka iya lissafi. Ina laifin yarona a nan?" Ban da amsa. Ɗansa ya fi 'ya'yana kaifin ƙwaƙwalwa, na sani domin na zauna da shi a kan aljabara.

Wannan ba sabuwar ƙara ba ce. A 1973 ƙarar da iyaye daga wata unguwar talakawa a San Antonio ta jihar Texas suka shigar ta kai har Kotun Ƙoli, alƙalai biyar cikin tara suka ce kundin tsarin mulkin tarayya bai wajabta daidaita kuɗin makarantu ba. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Detroit, kotun ta ce ba za a tilasta wa gundumomin bayan gari shiga shirin cuɗa ɗalibai farare da baƙaƙe na cikin birni ba, sai in an nuna suna da hannu a wariyar. Hukunce-hukuncen nan biyu suka ƙara wa iyakar gunduma ƙarfi. Kundin Illinois na 1970 ya ce jiha ce ke da babban alhakin ɗaukar nauyin ilimi, amma a 1996 kotun ƙolin jihar ta ce daidaita rabon aikin majalisa ne, ba na alƙalai ba. Sai a 2017, zamanin gwamna Bruce Rauner, aka yi sabon tsarin rabo: a lissafa abin da kowace gunduma ke buƙata gwargwadon yaranta, a duba abin da take iya tarawa, sabon kuɗin jiha, wanda aka sa wa burin dala miliyan 350 a shekara, ya fara zuwa ga waɗanda suka fi nisa da biyan buƙata. Gundumar aminina tana cikin masu amfana, tamu kusan ba ta samun komai daga ƙarin, kuma ni na yarda da hakan ɗari bisa ɗari. Sai dai tafiyar tana da jinkiri, yaro kuwa shekara huɗu kacal yake yi a sakandare.

Wasu suna cewa a haɗe gundumomin, 850 sun yi yawa, kowace da manyan jami'ai masu cin albashi. Akwai gaskiya a ciki, musamman in ka dubi firamare tara a yanki ɗaya. Amma na zauna a tsarin da komai ke hannun ofis ɗaya mai nisa, na ga ƙarshensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da nake so shi ne hukunci ya zauna a hannun mutanen gari, kuɗi kuma a tara shi a faɗin jiha a raba bisa buƙatar yaro. Na faɗi haka ga ɗan majalisar jiha na yankinmu a wani taron jama'a, na kuma san a cikin maƙwabtana akwai waɗanda ba su ji daɗin jinsa ba, don sun sayi gidajensu da tsada ne saboda wannan iyakar.

Yayana a gida yana cikin kwamitin al'umma mai sa ido a makarantar garinmu. Da na ba shi wannan labari ya ce, "To ƙanena, mu ma a ba mu haraji mu riƙe?" Na ce a'a Yaya, in aka ɗaura makaranta a kan arzikin unguwa, ƙauyenmu ne zai zama garin aminina. Abin da na roƙe shi su nema shi ne a riƙa manna musu a bango nawa aka turo, nawa aka kashe, a kan me, kuma a sa ranar zama da kowane uba da kowace uwa za su iya zuwa su yi tambaya. Ya ce za su gwada a zango mai zuwa.

Babbar 'yata ta gama, tana jami'a tana karatun haɗa magunguna. Na biyu yana Niles West, autarmu tana aji 6. Wasu iyaye a masallaci sun matsa min in tsaya takarar hukumar sakandaren, amma aikin dare a asibiti ba zai bar ni in riƙe amanar yadda ta kamata ba, na ce su yi min uzuri. Uwargida ce yanzu take shawarar neman kujera a hukumar firamaren autarmu. Sharuɗɗan ba su da yawa: ɗan ƙasa, mai rajistar zaɓe, wanda ya shekara a cikin gundumar, sai sa hannun masu zaɓe 50. Ta fara zuwa zamansu tana karanta kasafinsu, ni kuma an ɗora min aikin duba mata lissafin. A lokacin kaka za ta fara bin gidaje neman sa hannu.